Filin Tambaya da Amsa: Tsagewar Bangon Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Bangon gidana na waje, wanda yake kallon gabas, ya tsattsage shekara biyu bayan an yi masa filasta. Mai fenti ya cike tsagun da fi-o-fi (farar hodar nan da ake kwaɓawa a yi adon silin), amma damina ɗaya kawai aka yi sai ga su sun dawo, fentin ma yana ɓarewa. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mai fentinka ya kai kayan aikin cikin ɗaki waje. Fi-o-fi da wasu allunan da ake yin silin da su daga jifsam, wani farin ma'adini, ake sarrafa su, shi kuwa jifsam yana shan ruwa ya yi laushi, don haka ba ya jure bangon waje, balle na gabas, inda hadari ya fi tasowa a ƙasarmu, ruwa da iska suna dukansa kai tsaye.

Kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti, sai an gane ko filasta ce kaɗai ta tsage ko kuwa ginin ne. Siraran tsagu masu yaɗuwa ko'ina yawanci daga filasta suke, musamman idan an yi ta da hunturu ko bazara ba a ba ta ruwa ba, ko an yi amfani da yashi mai laka. Amma tsagar da ta tashi daga kusurwar taga a karkace, ko take bin layin bulo hawa-hawa, ko ta ratsa har cikin ɗaki, tana nuna tushen ginin yana motsi. Wannan ba baƙon abu ba ne a sassan Gombe, Adamawa da Borno, inda baƙar ƙasar laka take kumbura da damina, ta tsuke da rani. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka duba bayan wata biyu. Idan ta ƙaru, ko faɗinta ya kai milimita 5, to aikin ya wuce birkila, sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba.

Idan filasta ce, a ƙwanƙwasa wurin da ƙotar guduma, duk inda ya yi amon kwankwaram a fasa shi, domin ya riga ya rabu da bulo. A kankare fi-o-fin nan tas, a faɗaɗa bakin tsagar, a share ƙura, a jiƙa bangon sosai. Sannan a kwaɓa kwanon sarki ɗaya na siminti da huɗu na tankaɗaɗɗen yashi. Magina da yawa suna ƙara siminti da zaton ƙarfi suke ƙarawa, alhali kwaɓi mai yawan siminti ya fi saurin tsagewa. Inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare, a kafa wayar raga ta ƙetare mahaɗar kafin a shafe.

A ba wurin ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma kada a yi fenti sai bayan kamar mako huɗu. Kaka ce lokacin da na fi so ga wannan aiki, kafin hunturu ya kankama. Ka kuma duba indararonka, domin idan yana zuba a gindin wannan bango, gyaran ba zai daɗe ba.