Ya toshe ni da mota ya shige sallah: in sace masa iskar taya?

Filin Baba Direba

Wasiƙun da suka iso ni a watan nan kusan duk a kan fakin suke, kamar an haɗa baki. Na tsamo uku. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, don haka ita za ta ci rabin filin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Juma'ar da ta wuce na je masallaci da wuri, na samu wuri a jikin katanga na ajiye motata. Ana sallamewa ƙanena ya kira ni, wai jikin Hajiyarmu ya tashi, in zo mu kai ta asibiti. Na fito da gudu na tarar da wata baƙar jif ta tsaya daf a bayana. Gabana katanga, dama da hagu motoci. Babu kowa a ciki, babu lambar waya a gilashi. Na yi ta danna hon har mutane suka fara kallona kamar ni ne mai laifin. Ƙarshe dai na bar motar na tari adaidaita. Alhamdu lillahi Hajiya ta samu sauƙi. Da na dawo ɗaukar mota, sai na ga mai jif ɗin a gindin bishiya yana hira da abokinsa. Na yi masa magana, ya ce, "Haba Malam, ai sallah na shiga, ba gidan rawa ba." Baba, wallahi har yau ban huce ba. Abokaina sun ce da na sace iskar tayoyinsa huɗu ya ji a jikinsa. In haka ta sake faruwa, in yi?
Daga wani mai karatu, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kar ka yi. Abokan naka ba su yi lissafi ba. Motar da ta toshe ka kake so ta matsa, kai kuma ka zaunar da ita a kan rim. Wa ka ɗaure? Kanka. Yanzu sai an nemo mai faci ya turo injinsa, shi ma kuwa ranar Juma'a da rana yana masallaci ko ya tafi cin abinci. Jiran minti ashirin ya koma na awa biyu. Bayan wannan, taɓa dukiyar wani da ɓarna laifi ne a doka, komai abin da ya yi maka. Da kai aka zalunta, amma kana durƙusawa gaban tayar nan wani ya ɗauke ka a waya, shi ke nan, zance ya juya: a ofishin 'yan sanda kai za ka riƙa ba shi haƙuri. Na ga an yi haka da idona, har da biyan kuɗin sabon bawul.

To bari mu koma kan maganarsa, don ita ce ta fi jif ɗin ɓata mini rai. Wai sallah ya shiga. Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malamai. Ya zo a hadisi cewa wata ranar Juma'a Annabi (SAW) yana huɗuba, wani mutum ya shigo yana tsallaka wuyan mutane don ya kai gaba, sai ya ce masa ya zauna, ya cutar da mutane. Wannan fa kafaɗa kawai ya goga. Ina ga wanda ya kulle bawan Allah da ƙarfe tan biyu ya saka makulli a aljihu? Kuma cikin haƙƙoƙin hanya da aka lissafa mana akwai kame cuta daga masu wucewa. Wanda ya makara ya toshe mutane don kar raka'a ta wuce shi, ya tambayi malaminsa ko ladan da ya samo zai biya bashin da ya ɗauko.

Akwai wani abu da 'yan baya ba su sani ba. Toshe mota a masallaci da kasuwa ba yau aka fara ba, amma da can yana da ladabinsa. Lokacin da na fara yaron mota, Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ke mulkin titi, sai Boswaja. Duk giyar hannu ce. In ka makara dole ka tsaya a bayan wani, sai ka miƙe sitiyari, ka bar ta a firi, kar ka ja birkin hannu, ka sa dutse a gaban taya da bayanta. Wanda ka toshe in ya fito zai zare dutsen, ya kira yara biyu su tura, ya fice, su mayar maka da dutsenka. Boswaja kuwa ko tan ɗaya ba ta kai ba, samari shida sai su ciccibi gindinta su karkatar. Ba faɗa, ba zagi.

Sai motocin Kwatano masu giyar otomatik suka cika gari. Irin waɗannan in an sa su a P, wato giyar fakin, akwai wani ɗan ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙorin giya ya kulle ta. Ko unguwa guda kuka taru ba za ta gusa ba, in kun matsa mata ma giyar za ku lalata. Yawancinsu kuma makulli ba ya fita sai an sa su a P ɗin. Ka ga dabarar dutse ta mutu, amma halin toshewar yana nan da ransa. Kiɗa ya canza, mun ƙi canza rawa.

Abin da ya maye gurbin dutse a yau shi ne guntun takarda. Ka yago bayan kwalin magani, ka rubuta lambar wayarka da manyan baƙaƙe, ka ajiye a kan dashbod inda za a gani ta gilashi. A masallaci ma wannan bai isa ba, tunda wayar a kashe take. Wanda ya san ya toshe wani, shi ya kamata ya riga kowa fita. Liman na sallamewa ya ɗauki takalminsa. Nafila ya yi ta a gida, ai an ruwaito Annabi (SAW) yana yin raka'a biyun bayan Juma'a a gidansa. Gaisawa da sirikai da cinikin turare a bakin masallaci duk su jira sai ya matsar da mota.

Ina faɗin haka ne da kunya, don ni ma na taɓa yi. Ina tuƙa wani maigida a lokacin, na kai uwargidansa dubiya wani asibiti. Wuri ya cika, na tsaya a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, na ce a raina minti biyar ne. Na tsallaka titi na sayi ƙosai, na haɗu da wani tsohon abokin tasha, hira ta yi daɗi. Da na dawo na tarar da wani dattijo mai farin gemu tsaye a jikin motata, ya riƙe hularsa a hannu, wasu mutum huɗu na zaune shiru a bayan a-kori-kurar. Na shirya jin zagi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan samari, ƙarfe nawa a agogonka?" Na ce ɗaya da kwata. Ya ce, "To, ɗana ne kwance a nan cikin tabarma. Mun sanar da jana'iza ƙarfe biyu, kuma garinmu da nisa." Hannuna na rawa na kasa zura makulli. Ƙosan nan ban ci shi ba. Tun daga ranar, in na kashe mota ba na tafiya sai na zagaya ta da ƙafa na duba wa zai so fita, kuma ta ina. Yaran da nake koya wa tuƙi sun san wannan zagayen, wanda ya tsallake shi ba na sa masa hannu.

Kai kuma ga abin yi nan gaba. Kar ka ɓata lokaci da hon, mai motar ba ya ji, maƙwabta kawai kake tayarwa. Rubuta lambar motar ka kai wa 'yan agaji ko ladan a faɗa a lasifika. Kunyar jin an kira lambar motarsa a gaban jama'a ta fi sace iska aiki. In a kan titin gwamnati ne aka yi toshewar, KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano da aka kafa a 2012, aikinta ke nan, su ke da hurumin kawo janwe. Sannan ka daina zaɓen lungun jikin katanga don inuwa. Wurin da ya fi kusa da ƙofar masallaci shi ne ake fara binnewa. Mai tsohuwa marar lafiya a gida ya ajiye motarsa can nesa a bakin hanyar fita, hancinta na kallon titi, ya taka sauran da ƙafa. Takun ma lada ne.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Na je sayayya wani babban kanti, akwai layukan fakin an zana da fenti. Wani ya hau kan layi ya cinye wuri ɗaya da rabi, na lallaɓa na shiga ragowar. Da na fito ya tafi, ya bar mini lotsawa a ƙofar baya da shafin jan fenti. Maigadi ya ce bai ga komai ba, manaja ya nuna mini allon da ke cewa duk abin da ya sami mota ba ruwansu. Shi ke nan na yi asara?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Sannu 'yata, Allah Ya mayar da alheri. Zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi: da wuya ki kama shi, sai dai in kantin na da kyamara. In akwai, ki koma da wuri ki roƙi a duba, don na'urorin nan suna goge tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki. In lambar motar ta fito, ki kai wa 'yan sanda. Inshorar dole da kowane mai mota ke biya, wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, tana ɗaukar ɓarnar da mutum ya yi wa dukiyar wani har ta naira miliyan 3. Mutane da yawa na ɗauka takardar nuna wa jami'an hanya ce kawai, shi ya sa mai laifi ke gudu a kan abin da ba daga aljihunsa zai fito ba, in dai takardar tasa ta gaskiya ce.

Kuskurenki ɗaya, shiga ragowar wurin. Gurbin fakin faɗinsa wajen mita biyu da rabi ne, ƙaramar mota irin Corolla kuwa ta kusa mita ɗaya da ɗigo takwas. Abin da ya rage bai kai mita ɗaya ba, kuma raba shi za a yi dama da hagu. Da zarar wani ya ci rabin gurbinki, babu yadda za a buɗe ƙofa ba a daki ta kusa ba, balle in yara ne a baya, su da ke banko ƙofa da ƙafa. Wanda ya yi fakin a karkace ya riga ya gaya miki irin direban da yake, ki ba shi wuri. In dole ce ta sa, ki ɗauki hoton motocin biyu da lambarsa kafin ki shiga kanti. Daƙiƙa biyar ce.

Maigadin kuma ki ƙyale shi. Na san irinsu. Yana nuna wa mai babbar mota inda zai tsaya, a sauke gilashi a ce masa, "Ka san ko ni wane ne?" In ya matsa, gobe ba shi da aiki.

TAMBAYA: Baba raba mu gardama. Ni da baya nake shiga gurbin fakin, maiɗakina ta ce iyayi ne da ɓata wa na baya lokaci. Wa ya fi gaskiya?
Daga wani mai karatu, Sakkwato.

AMSA: Kai ne, amma kar ka je kana yi mata dariya. Lokacin da ka iso, ka ga gurbin da idonka, ka san ba kowa a ciki. Lokacin fita kuwa ba ka san me ya gitta ba: almajiri da kwanonsa, yaron da ya saki hannun uwarsa, mai tura baro. Yaro ɗan shekara uku in ya tsaya a bayan jif, madubi ba ya nuna shi. Gara ka yi ribas ɗinka cikin wurin da ba kowa, ka fito da fuska cikin mutane. Inda take da gaskiya shi ne masu yin gaba da baya sau bakwai layi na jiransu, ba ko sigina. In kana cikinsu, gyara.

Ina kuma zargin ribas ɗin ne ke ba ta tsoro, kamar yawancin waɗanda suka koyi mota a gurguje. Ranar Lahadi da sassafe ka kai ta filin makarantar firamare, ka jera bokitan roba biyu da tazarar taku uku, ka koma gefe ka yi shiru. Kar ka zauna kusa da ita kana "karya, karya". Ta shiga tsakaninsu da baya sau goma, kuma ka tafi da bokiti na uku don ɗaya zai fashe.