Tayar Gaba Na Gugar Jikin Mota: Rim Zan Canza Ko Taya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai jan ƙafa huɗu, da ita nake zirga-zirgar gona. Kwanan baya na sayi rim huɗu na gwanjo, baƙaƙe masu kyan gani, na ɗora musu taya 285/70R17. Tun daga ranar, in na karya sitiyari har ƙarshe, musamman in ina ribas, sai in ji gurnani a ƙafar gaba. Mai faci ya ce a yanke madigadi, bakanike kuma ya ce in sayo sifesa, wato faifan da ake sawa tsakanin rim da ƙafa, a sa. Maganar wa zan bi? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yanke komai, kada kuma ka sayi komai tukuna. Nemo alli na naira kaɗan da tocila. Duk abin da ke guga yana barin shaida: ko roba ta yi sulɓi, ko ƙarfe ya yi ƙyalli kamar an goge shi da toka. Karya sitiyari zuwa dama har ƙarshe, ka tsuguna ka haska bayan tayar, sannan ka juya hagu. In ba ka ga tabo ba, shafa alli a madigadi, da robar cikin rumfar taya, da ƙarfen shasi wanda bodi ke zaune a kansa daga bayan tayar, da hannun sama mai riƙe da ƙafar. Yi ribas da sitiyari a karye, ka hau ɗan tudu da taya ɗaya. Inda allin ya goge, nan ɓarawon yake.

Amma tun daga lambobin da ka rubuto ina da wanda nake zargi. Yawancin Hilux masu rim inci 17 suna fitowa da taya 265/65R17, wadda tsayinta ya kai kusan milimita 776. Taka 285/70R17 kusan 831 ce. Ka ga ta fi ta kamfani tsayi da milimita 55, ta kuma fi ta faɗi da milimita 20. Rumfar ba ta ƙaru ba, baƙon ne ya yi ƙiba.

Sai rim ɗin kansa. Cire guda ɗaya ka kifa shi, za ka ga an buga wasu haruffa a bayansa, kamar 17x9 ET0 ko ET-12. Lambar ET ita ke nuna inda fuskar da ake ɗaure noti ta tsaya daga tsakiyar rim. In lambar ta yi yawa, taya ta shige ciki, ta nufi hannun sama da birki. In ta yi ƙasa, ta leƙo waje. Na kamfani a irin motarka galibi ET30 ne da faɗin inci 7.5. Rim mai ET0 ya riga ya turo taya waje da milimita 30, ban da abin da ƙarin faɗinsa ya jawo. Kuma tayar da ta leƙo waje, in aka karya sitiyari, zagaye mai faɗi take yi, gefenta ya je ya daki madigadi ko ƙarfen shasin nan. Masu sayar da rim a Ƙofar Ruwa ko Panteka ramuka shida kawai za a ƙirga maka a ce ya zauna. Zama dai ya zauna, tunda ramukan 6x139.7 ne, wato yawansu da tazararsu irin na motarka ne, amma ba zama kaɗai ake nema ba.

A nan ne na saɓa da bakanikenka. Sifesa ƙara turo taya waje take yi. In gugar a hannun sama take, daga ciki, to tana iya magani. In kuwa a madigadi ne ko bayan rumfa, ka zuba wa wuta fetur, ga ƙarin nauyi a kan boris ɗin ƙafa. Shi kuma mai faci, in robar madigadi ce kawai ke taɓawa, a rage ta ba laifi ba ne. Yanke ƙarfen shasi ne ban yarda a yi a bakin titi ba.

In ni ne, zan sayar da tayoyin nan tun suna da daraja in koma 265/70R17, mai tsayin kusan milimita 803, a kan rim mai ET kusa da na asali. Motar gona ce, kaya take ɗauka, ba ta zuwa biki ba. Ka kuma sani babbar tayar nan 285/70R17 na yi wa maleji ƙarya: in ya nuna 100, kana kusan 107 ne, kuma man da take sha ya ƙaru.

Tambaya: Ni ban canza rim ko taya ba, amma kwana uku ke nan nake jin ƙarar ƙarfe na goga ƙarfe a ƙafar gaba ta hagu, ko a miƙe nake tafiya. In sayi sabon rim? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Alhaji, ajiye kuɗinka, ka kuma ajiye motar yau ɗin nan. Rim bai tashi da dare ya matsa da kansa ba, wani abu ne ya saki. Ɗaga ƙafar da jak, ka tokare motar da kyau. Fara da noti, ko sun kwance. Sai ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza: in tana wasa, boris ne ko boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa ƙafa da hannun da ke riƙe ta. Kama ta hagu da dama: in tana wasa, tayarod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa. Juya ta da hannu ka saurara. Sau da yawa abin bai kai haka ba, faifan gwangwanin da ke bayan birki ne dutse ya lanƙwasa, ko tsakuwa ta maƙale a tsakani, a miƙe shi da hannu shike nan. Na taɓa ganin wanda dalmar da aka manna a cikin rim don daidaita taya ce ke taɓa murfin birki a kowane juyi, har ta yi masa zane. Amma boris ko boljoyin da ya mutu yana iya raba ka da taya kana gudu, don haka sai an duba kafin a hau hanya.

Tambaya: Tawa sai na sa giyar ƙafa huɗu, wadda muke kira ogzileri, take cijewa tana tsalle-tsalle a kwana. Guga ce?

Amsa: In a kan kwalta ne, ba guga ba ce. Giyar nan tana ɗaure ƙafar gaba da ta baya su yi juyi iri ɗaya, alhali a kwana ta gaba ta fi ta baya nisan tafiya. A yashi ko laka taya na zamewa ta huce, a kwalta babu inda za ta zame. Da ka fito daga yashi ko laka ka hau titi, mayar da ita 2H, wato jan ƙafa biyu. In ta ƙi fita, yi ribas kaɗan a miƙe, za ta saki.