Inshorar tsohuwar mota za ta hau kan sabuwa?

Malam, ka ce ka sayar da Golf ɗinka ka ɗauko Corolla, kuma inshorar ba ta ƙare ba, ko za ka ci gaba da yawo da ita? A'a wallahi, kar ka soma. Satifiket ɗin inshorar, lambar Golf da lambar shasinta ke jiki, 'yan sanda ko jami'an Road Safety suka tare ka a hanyar Gombe zuwa Bauchi suka duba a NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya, Corolla za ta fito ba ta da inshora, in kuma Allah ya kiyaye ka bugi motar wani, kamfanin inshorar ko sisi ba zai biya ba.

Ka je kamfanin da takardun sabuwar motar ka ce su sauya mota a kan inshorar, su ba ka sabon satifiket. In babbar inshora ce da ke biyan gyaran motarka za su sake lissafi da kuɗin Corolla, ka cika ragowar. In ƙaramar nan ce da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, ta naira 15,000 tun 2023, ni dai shawarata ka yanki sabuwa kawai, ya fi sauƙi. Shi ma wanda ya sayi Golf ɗin gaya masa ya yi tasa, taka ba ta binsa.