Kwamfutar hannu mai GPS a inda babu sabis

Malam, ka tambaya ko ƙaramar kwamfutar hannu mai GPS a jikinta za ta auna maka gona a ƙauyen da babu sabis. Za ta auna. Ba ruwanta da layin waya ko data, sigina kawai take karɓa daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da mu, kuma da zarar ta kama huɗu daga cikinsu ta san inda kake tsaye. Taswirar yankin ce kaɗai za ka sauke tun kana cikin gari.

Sharaɗin shi ne ka ba ta sarari. A ƙarƙashin rufin kwano ko inuwar manyan itatuwan mangwaro, lambobin da take nuna wurinka da su yawo suke yi. Ni idan na je fili, kunna ta nake yi in ajiye a buɗaɗɗen wuri na 'yan mintuna kafin in fara zagaya iyaka, musamman in ta kwana biyu a kashe. Ko a haka kuskuren mita 3 zuwa 5 ba abin mamaki ba ne. Don sanin yawan kadada da lissafin buhunan taki, wannan ya isa. Amma rikicin iyaka ko takardar mallakar fili, a kira safiyo mai lasisi. Ka kuma duba saitinta: yawanci irin waɗannan na'urori a kan WGS84 suke zuwa, wato ma'aunin duniya da GPS ke lissafin wuri da shi, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa a kan wani ma'auni daban mai suna Minna aka zana su, in ka gwama biyun sai ka ga iyakarka ta faɗa gonar maƙwabci.