Tambayoyinku: Jitar Lantarki Mai Kogon Ciki, Tsakanin Laimar Jidda da Bushewar Riyad

Wasiƙun wannan fitowa duk daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya suke, kuma galibinsu a kan jitar lantarki irin ta da, mai kogon ciki da tsaga biyu a fuska.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a wata ƙungiya mai zuwa bukukuwan aure. Epiphone Casino ce, a gida muryarta ba ta da na biyu. Amma a zauren biki, da an fara ganga na ƙara murya, sai ta kama gunji har mutane su toshe kunne. An ce mini in canja fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi a fuskar jitar. Me kuka gani? (Mai karatu daga Jidda)

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe riyal ɗinka tukuna, da wuya a ce fikof ne mai laifi. Casino tun fitowarta a 1961 babu komai a cikinta sai iska, haka ma 'yar'uwarta Gibson ES-330. Fuskarta siririn katako ne mai rawa kamar fatar ganga. Sauti ya fito daga lasifika ya doki fuskar, fuskar ta girgiza jakin da tsirkiyoyi ke kai, tsirkiyoyin su motsa, fikof ya ɗauka ya mayar wa amfilifaya, haka abin zai yi ta zagayawa yana ƙaruwa. Wannan rawar katakon ita ce ke ba ta muryar da kake yabo a gida, don haka ba a raba ta da gunji kwata-kwata, sai dai a iya da shi.

Fara da sauraron irin kukan, domin iri biyu ne. Idan mai kauri ne, kana jin jitar tana kaɗawa a ƙirjinka, kuma yana tsayawa in ka dafe tsirkiyoyi da tafin hannu, to na jiki ne. Maganinsa na farko wurin tsayuwa. Kada bakin lasifika ya kalli fuskar jitar ko bayanta. Ajiye amfilifaya a bayanka ta ɓangaren wuyan jitar, wato hagu ga mai kaɗi da dama, tazarar mita 2 zuwa 3, yadda jikinka zai shiga tsakani. Ɗora shi a kan kujera, domin zamansa a ƙasa, musamman a kusurwar bango, yana ƙara masa kauri. Daga nan ka rage maɓallin bes zuwa 3 ko ƙasa da haka, tunda a ƙananan sautuka gunjin yake zaune, ka rage gen (maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya), ka bar maɓallin murya na jikin jitar a 7 ko 8. Ka kuma roƙi mai kula da sauti ya cire jitarka daga lasifikar da ke ƙasa tana kallonka. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

In bai isa ba, yanka soso mai ɗan tauri daidai siffar tsagogin nan biyu ka cusa. Muryar da ba ta bi ta waya ba za ta ɗan dushe, amma za ka sami damar ƙara ƙarfi. Tsohuwar dabara ce: shahararren makaɗin jitar nan na Amurka, B.B. King, ya sha cusa tsumma a cikin jitarsa, har daga baya Gibson ta ƙera masa wadda ba ta da tsagar ko ɗaya. Salatif mai ƙarfin manne kam kada ya kusanci fentin.

Kuka na biyu siriri ne mai huda kunne, ba ya tsayawa ko ka dafe tsirkiyoyi. Wannan shi ne na fikof: wayar da aka naɗe a ciki ko murfin ƙarfensa ne ya saki yake karkarwa. Danna murfin da yatsa, in kukan ya sauya ka kama ɓarawon. Mai gyara zai tsoma shi a narkakken kaki, kashi 80 farafin kashi 20 kakin zuma, a zafin da ke wajen digiri 65, na minti 10 zuwa 20. Zafin ya wuce haka roba ta lanƙwashe, shi ya sa ba aikin kan murhun gida ba ne.

Gaskiyar da za mu faɗa maka ita ce, idan kullum aikinka gefen ganguna ne a babban zaure, nemi mai rabin kogo irin ES-335, wadda Gibson ta fitar a 1958 da gungumen katako a tsakiyar ciki saboda wannan matsalar. Casino kuma ka bar ta ga ƙaramin zama da ɗaukar sauti.

TAMBAYA: Na cire tsirkiyoyin jitata duka don in goge ta, sai jakin ya faɗo. Na mayar da shi inda nake zato, amma yanzu ko na saita ta, da na hau sama sai sautin ya karkace. Ko na karya wani abu ne? Gibson ES-175 ce ta yayana. (Mai karatu daga Madina)

AMSA: Kwantar da hankalinka, ƙanenmu, ba ka karya komai ba. ES-175, wadda aka fara yi a 1949, da yawancin jitocin Gretsch irin su 6120, jakinsu ba a kafe yake ba, nauyin tsirkiyoyi kaɗai ke danne shi. Ya gusa da milimita biyu ma sai kunne ya ji.

Samo awo na ƙarfe. Auna daga bakin ƙashin da tsirkiyoyi ke ratsawa a saman wuya zuwa tsakiyar firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a kan wuya). A wannan jitar za ka sami kusan milimita 314. Ninka shi biyu, 628 ke nan. Inda siririyar tsirkiya ke zama a kan jaki ya kasance wajen 628 da ƙarin milimita 1.5 zuwa 2, wurin mai kaurin kuma ƙarin 4 zuwa 5, domin tsirkiya mai kauri tana son tsawo. Dubi fuskar da kyau a haske, sau da yawa ƙafafun jakin sun bar inuwarsu a fenti, ita ce jagorarka ta farko. Ka tabbata ba ka juya shi ba, ramukan da suka fi faɗi na masu kauri ne.

Ɗaura tsirkiya ta farko (mafi siranta) da ta shida (mafi kauri) kawai, ka saita su da na'urar saiti. Kaɗa kowacce a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. In dannanniyar ta haura, tsawon ya gaza, tura jakin baya wajen gindi. In ta sauka, jawo shi wajen wuya. Kowane gusawa milimita ɗaya, kuma sai ka sassauta tsirkiyar tukuna, in ba haka ba ƙafafun su karce fentin. Idan biyun nan suka daidaita, sauran za su zo kusa. Tsayin tsirkiya daga firet na 12 kuwa, da ƙafafun juyi biyu na gefen jaki ake gyara shi: kusan milimita 2 a ɓangaren kauri, 1.6 a ɓangaren siriri.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Jakin katako an sassaƙa shi ne don saitin da tsirkiyarsa ta uku naɗaɗɗiya ce. Ka sa mara naɗi, za ta riƙa haurawa komai ƙoƙarinka. Kuma saitin tsirkiyoyi mara nauyi irin mai lambar kauri 9 zuwa 42 ba ya danne jakin sosai, ba ya kuma tayar da fuskar. Mu 11 zuwa 49 muka fi so, ko 12 zuwa 52 masu santsin naɗi ga mai son tattausar muryar jaz. Nan gaba ka riƙa canja tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Gam kuwa kada ka sa, ko da wani ya ba ka shawara.

TAMBAYA: Aiki ya mayar da ni Riyad daga Jidda. Wata biyu ke nan, gefen firet ya fara yankar hannuna, tsirkiyoyi kuma suna zizar da ba su yi a da. Jitar a rataye take a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. (Mai karatu daga Riyad)

AMSA: Malam, ƙishirwa jitarka take ji. Katakon jita ya fi zama lafiya a laimar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Jidda a bakin Bahar Maliya take, iskarta jiƙe, Riyad kuwa da zafi laimarta kan yi ƙasa da kashi 20, ga mukayyif yana ƙara tsotse abin da ya rage. Allon wuya ya tsuke, ƙarfen firet bai tsuke ba, shi ne bakinsa ya leƙo.

Sauke ta daga bango yau, ta koma akwatinta. Sayi ƙaramin ma'aunin laima ka sa a ciki. Huda gidan sabulu na roba, ka sa soson da ka jiƙa da tataccen ruwa ka matse har ba ya ɗiga, ka ajiye wajen kan jitar inda ba zai taɓa katako ba. Duba shi duk bayan kwana uku ko huɗu. Ba ta mako biyu zuwa uku kafin ka taɓa komai, domin wanda ya gyara wuya yana bushe zai sake gyarawa idan ya sha ruwa. In bayan haka zizar na nan, danne tsirkiya ta shida a firet na farko da kuma inda wuya ya haɗu da jiki, ka dubi ratar da ke kan firet na 7 ko 8. Milimita 0.2 zuwa 0.3 ake so. Babu rata sam, sassauta sandar ƙarfen cikin wuya da juyi zuwa hagu, ɗaya bisa takwas na zagaye, ka jira kwana guda. In ta ƙi juyawa kada ka matsa mata, kai wa mai gyara.

Idan fuskar jitarka ta katako mai hawa-hawa ce, kamar Casino da ES-175, tana da juriya. Wadda aka sassaƙa daga katako guda, irin L-5, ita ce ke tsagewa, kuma gyaranta tsada. Abin da ya fi bushewa saurin kashe jita shi ne mota: a ajiye ta a rana, cikinta ya wuce digiri 60, gam ya saki, wuya ya tashi. In ka shigo da ita daga zafi zuwa ɗaki mai sanyi, bar akwatin a rufe awa guda, domin tsohon fenti na naitiro yana tsattsagewa da sauyin gaggawa. Mutanen Jidda kuma nasu aikin shi ne goge tsirkiya da ƙarafa da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, saboda gumi da gishirin iska.

TAMBAYA: An kawo mini tsohon amfilifaya mai kwalaben lantarki a ciki daga Amurka. Zan iya jona shi kai tsaye? (Mai karatu daga Makka)

AMSA: A'a, Hajiya, sai kin karanta bayansa. Na Amurka bolt 120 ne, wutar Saudiyya a yanzu 230, ko da yake wasu tsofaffin gidaje suna da ramin 127 har yau, don haka a gwada ramin da mita. Ki nemi taransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a bayan amfilifayar sau biyu, mai ƙafa uku. Ƙafa ta ukun ita ce ta ƙasa, kada a cire ta, domin tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma in wuta ta zube ta hannun mai kiɗa za ta bi. Tsoho mai waya ƙafa biyu sai ma'aikacin lantarki ya canja masa ita kafin a kunna. Kada kowa a gida ya buɗe cikinsa, yana riƙe sama da bolt 400 ko bayan an zare shi daga bango.