Amsa: shin waya tana taimaka wa ma'aikatan lafiya wajen kula da yara masu tamowa?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko raba wa ma'aikatan lafiya na unguwanni wayoyi zai ƙara wani abu a aikin kula da yara masu tamowa, ko kuwa zubar da kuɗi ne. Na daɗe ina sa ido kan aikin irin waɗannan ma'aikata, tun ana fama da rajista da biro har waya ta shigo.

Tana taimakawa ƙwarai, amma da sharaɗi guda: duk abin da ma'aikaciya ta tura, wani abu ya dawo mata. Inda aka mai da ita mai tura lambobi sama kawai, ba amsa ba sannu, ba a jimawa za ki ga rahoto ya fara ja da baya.

Ga yadda abin yake in an yi shi daidai. Ma'aikaciya ta auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin nan mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, tamowa matsakaiciya. Ta danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, in yatsa ya bar rami to akwai kumburi. Tana shigar da wannan, waya ta ce mata a tura shi asibiti yau, ko a dawo a sake aunawa ranar kaza. A da takardar sai ƙarshen wata take barin hannunta, kafin wani ya karanta, yaron ya riga ya galabaita. Wannan jinkirin ne ya sa UNICEF ta gwada RapidSMS, wato tsarin tura rahoto ta waya, a Malawi a 2009, da ƙananan wayoyi da saƙon tes kawai, kuma amsa na dawowa nan take. Ashe ba lallai sai babbar waya ba.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne bibiyar yaran da suka daina zuwa. Gano yaro mai tamowa ba shi ne wahalar ba, riƙe shi har ya warke ne. Uwa za ta zo makonnin farko, yaro ya fara murmurewa, ya fara wasa, sai ta ɗauka an gama, alhali ba a sallama sai damtse ya kai 12.5 kuma an yi mako biyu babu kumburi. Ma'aunin Sphere na ayyukan agaji ya ce waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin 100, masu daina zuwa kuma kada su kai kashi 15. A rajistar takarda, kafin a lura cewa wance ba ta zo ba an ci makonni. A waya kuwa, da safe sunayen na jiran ma'aikaciya, ta san gidajen da za ta fara leƙawa. Na sha ganin yaran da wannan jerin sunaye kaɗai ya dawo da su kan magani.

Sai kaya. Ƙunshin abincin tamowa, mai gram 92 da kalori 500, shi ne maganin. Uwar da ta sha tafiya da goyo ta tarar ya ƙare, da wuya ta sake dawowa, kuma ba na ganin laifinta. Saƙo ɗaya a mako kan yawan abin da ya rage ya isa, muddin mai kula da sito yana karantawa yana kuma aikowa.

Amma ki yi hattara, waya ba ta gyara awon da aka yi ba daidai ba. In an matse tef ko an sake shi, ko ba a ɗora shi tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu ba, milimita biyu ko uku sun isa su fitar da yaro daga ja zuwa rawaya, ita kuma waya ta karɓa ba musu. Don haka mai sa ido dole ya ci gaba da zuwa, ya tsaya ya ga ana aunawa. In kika ga yara da yawa daga hannun mutum ɗaya duk 11.4, ki je ki duba, kada ki fara da faɗa. Wani lokaci tausayi ne, ana so yaro ya samu abinci.

Abin da ya fi kashe wa ma'aikata gwiwa shi ne aiki biyu: a cika rajista, a koma a cika waya, sannan su sayi data da caji daga aljihunsu. Wannan ba adalci ba ne. Indiya ta fara shirinta na yaƙi da tamowa, Poshan Abhiyaan, a 2018, ta kawo manhajar Poshan Tracker a 2021 domin ma'aikata sama da miliyan ɗaya, kuma an sha jin kukansu kan wayoyi marasa ƙarfi da rashin sabis. Ku saka kuɗin caji, data da gyara a cikin kasafi tun farko. Manhajar ta yi aiki ko babu sabis, ta kasance da harshen da ma'aikatan suke ji, tambayoyin kuma kada su yi yawa.

Wayar tana ɗauke da sunayen yara da halin da suke ciki, kuma a gida hannu da yawa ke taɓa ta. A sa mata lambar sirri, kada a riƙa yaɗa hoton yaro a zauruka.

Ki gaya mana ma'aikata nawa gare ku, da kuma wanda zai riƙa karanta saƙonninsu kullum, sai mu duba ko saƙon tes ya ishe ku ko sai manhaja.