Tambaya da Amsa: An ce in ja ayarin babura zuwa Tiga, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ƙungiyar masu sha'awar babur a nan Kano, mu 14 ne, akwai masu manyan mashina, akwai masu Boxer da Jincheng, har da samari biyu da ba su daɗe da fara hawa ba. An tsayar da ranar Asabar za mu je Tiga ta hanyar Rano mu wuni mu dawo, kuma ni aka ce in shige gaba. Tuƙi dai na iya, amma ban taɓa jan ayari ba. Me ya kamata in shirya, kuma wane gudu zan riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da maganar gudun tunda na san ita ta fi tsaya maka a rai. Gudun da za ka riƙe ba naka ba ne, na waɗannan samarin biyu ne da mai Jincheng ɗin da ta fi kowacce tsufa. A hanya irin ta Karfi zuwa Bunkure zuwa Rano, in ka riƙe kilomita 50 zuwa 60 a awa ka yi daidai, cikin gari kuwa ka sauko ƙasa da haka sosai. Na san masu manyan mashina za su yi ta ƙorafi wai kana sa musu barci, to su yi, ai ba tsere aka fito ba.

Ga abin da yawancin sabbin jagorori ba sa ganewa: na baya ya fi na gaba gudu, ko da yaushe. A gudun 60 babur na cin kusan mita 17 duk daƙiƙa, in kowa ya bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninsa da na gabansa, ku 14 kun miƙe kusan rabin kilomita kenan. To kai ka haye bamp ɗin ƙarshe na ƙauye ka murɗa wuta, alhali na ƙarshe ko bamp na farko bai iso ba, kafin ya fito ka yi masa nisa, sai ya zura 90 ko 100 don ya kamo ku, a hanyar da bai sani ba, idonsa na kan ayari ba a kan rami ba. A nan ake faɗuwa wallahi, ba a gaba ba. Maganinsa kawai bayan kowane bamp, kowace kwana, kowane shinge, ka ci gaba a hankali har sai ka hango fitilar na ƙarshe a madubi sannan ka ƙara wuta kaɗan kaɗan. Shi ya sa kowa zai kunna fitila ko da rana tsaka ce.

Kuma gaskiya 14 sun yi yawa a igiya ɗaya. Ka raba ku 7-7, kowane rukuni da na gabansa da na bayansa, a bar 'yan mintuna a tsakani, haka ma motocin da ke binku za su samu inda za su shiga in sun zo wucewa maimakon direba ya ƙule ya kutsa tsakiyarku. Sabbin hannu su biyo bayanka kai tsaye, kar ka yarda a jefa su can baya wai don kar su tare hanya. Na ƙarshe kuma ka zaɓi wanda ya fi kowa nutsuwa da ƙwarewa, mai mashin mai ƙarfi, shi zai riƙe kayan gyara da akwatin magani, ba ya wuce kowa, in wani ya tsaya shi ma ya tsaya. Ni a wajena zaɓen mutumin nan ya fi zaɓenka muhimmanci, kar ka ji haushi. Ayarin fataken Gwanja ma ba madugu kaɗai ke riƙe shi ba, akwai jagaba mai duba hanya, kowa da aikinsa.

Jeri kuma ya danganta da titi. Inda kwalta ke da faɗi da kyau kamar titin Zariya kafin ku karya a Karfi, kai ka kama ɓangaren hagu na layinku, na biyu dama, na uku hagu, a haka har ƙarshe, daƙiƙa 1 tsakaninka da wanda ke ɗaya gefen, 2 da wanda ke saitinka. Amma da kun shiga hanyar karkara inda bakin kwalta ya zaizaye, ga rairayi ga ramuka, a koma layi ɗaya a ƙara tazara, kowa ya samu filin kaucewa. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira, ba a wuce juna a cikin ayari, kuma in ka wuce mota ba dole na bayanka ya biyo ka ba, kowa da idonsa zai duba.

Yanzu ga abin da na fi so ka ɗauka da nauyi, don littattafan tuƙi na Turawa ba za su gaya maka shi ba. A arewa yau, babura da yawa su shigo ƙauye a jere ba abin sha'awa ba ne, abin firgici ne, domin a haka 'yan bindiga ke shigowa. Har ta kai a 2021 jihohin Zamfara, Katsina da Kaduna sun sa takunkumi kan zirga-zirgar babura a wasu yankuna. Mutumin ƙauye da ya ji rugugin salansa daga nesa ba zai tsaya tambayar sunan kulob ɗinku ba. Don haka kafin ranar ka je ofishin 'yan sanda na Rano ka yi bayani, ranar kaza, mu kaza, ga lambata, ka sanar da 'yan Road Safety, in da hali a samu wanda zai kai magana wajen dagacin garin da za ku yada zango. Kowa ya sa rigar nan mai ƙyalli a kan kayansa, hular kwano dole (tun 1 ga Janairun 2009 ake tilasta ta, balle a tafiya irin wannan), amma ba naɗe fuska da rawani. In kun iso shinge, na jami'ai ne ko na 'yan sintiri, a rage gudu tun daga nesa, kai kaɗai za ka cire hula ka yi sallama ka yi magana, sauran su yi shiru. Lasin da takardun mashin kowa a aljihu. Masu buɗaɗɗiyar salansa kuma su ji tsoron Allah su daina ɓarin wuta a cikin gari.

Sannan kar ka ja mutane hanyar da rabonka da ita tun bara. Ka bi ta da kanka cikin satin, kai da na ƙarshen, daga Karfi har Rurum har bakin dam, ka ga inda ruwa ya ci hanya, inda gidan mai yake da mai a ciki, inda mai faci yake, inda sabis ke ɗaukewa. Ka tambayi ranakun kasuwa na garuruwan da ke kan hanyar, don kasuwar ƙauye kan titi take ci, wanda ya taɓa ratsa Wudil ran Juma'a ya san me nake nufi. Yankin nan na noman rani ne, ruwan Tiga ɗin da aka kammala a 1974 shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, so ka sa ran shanyar shinkafa a gefen kwalta, taɓon da tarakta ta kwaso, amalanke, kura ta ɗauko tumatir. Shanu in suna tsallakawa a tsaya cak, ba oda, su gama. Akuya kuwa ba ta da alƙibla, in ka ga ɗaya ta tsallaka ɗanta na tafe. Yara za su fito da gudu kallonku, wannan shi ne babban dalilin rage gudu a ƙauye.

Da safe kafin a tashi ka tara kowa minti 10. A zo da tanki cike, ba a taru ba sannan wani ya ce bari in sha mai. Boxer in an cika tankinta zai kai ta ya dawo da ita, manyan mashinan ne za ka lissafa wa, kuma ba na son a dogara da 'yan bumburutu. A duba iska, birki, kaca, baƙin mai. A ɗauki fulogi, tif, famfo, sifana, igiya, da ruwan sha mai yawa. Alamun hannu kar su wuce huɗu ko biyar, rage gudu, tsaya, layi ɗaya, rami (a nuna da ƙafa), kuma kowa ya miƙa wa na bayansa. Doka ɗaya ce za ka maimaita har su gaji: kowa na bayansa ne amanarsa, in ka daina ganinsa a madubi ka rage, in an zo mararraba kar ka karya sai ya gan ka. Da wannan ko waya babu ba wanda zai ɓata.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kar kowa ya jibge mashin a tsakiyar titi. Mutum biyu su tare motoci gaba da baya, kar a fizge wa wanda ya faɗi hula ko a ɗaga shi da ƙarfi in yana kukan wuya ko baya, a kira 122 na Road Safety, asibitin Rano kuma ka san ƙofarsa tun ranar da ka je duba hanya.

Ku tashi wajen 7 na safe, ku huta a Rano, azahar a Tiga, zuwa 3 kun juyo don magariba ta same ku a Kano, a dawowa ne gajiya da cikar ciki ke sa mutane sakaci so ka ƙara rage gudu. Wanda bai iya ruwa ba kar ya shiga dam. Ku tsayar da wajen rabuwa ɗaya a bakin gari, kuma kowa in ya isa gida ya rubuta a guruf ɗinku na WhatsApp, kai kuma ka ƙirga har 14.